Kwana huɗu a Zanzibar: neman shawara kan tsaraba, gidajen zane da wuraren cin abinci

Baban Khadija, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da 'yan'uwa maza da mata, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa.

In Allah ya yarda, a watan Yuli zan halarci wani taron aiki a birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya, kuma na yanke shawarar tafiya da maiɗakina, domin idan an tashi daga taron mu tsallaka tsibirin Zanzibar mu yi kwana huɗu kafin mu kamo hanyar gida. An riga an gama maganar biza da tikiti da masauki, saboda haka ba a kansu nake neman shawara ba. Abin da ya rage mini shi ne yadda za mu yi amfani da waɗannan kwanaki da ɗan guzurin da ke hannunmu ba tare da mun dawo muna cizon yatsa ba.

Na farko dai tsaraba. Kowa ya san halin garinmu, wanda ya je Illela ya dawo ma sai an tambaye shi abin da ya riƙo, balle wanda aka ji ya ƙetare teku. Akwai iyaye, akwai surukai, akwai maƙwabta da abokan aiki, ga kuma yara. Me ya kamata mutum ya saya wanda ya tabbata na can ne, ba irin kayan da zan iya samu a Sabuwar Kasuwa ba? Sannan na ga hotunan wasu shaguna cike da zane-zane da sassaƙa, kuma ina sha'awar samun abu guda mai kyau da zan rataya a falo, sai dai mahaifina yakan yi salla a wannan falon idan ya zo, don haka ba na son siffar mutum ko ta dabba. Ban kuma san yadda ake bambance aikin gwani da wanda ake yi barkatai domin baƙi ba. Sai maganar abinci. Maiɗakina ba ta taɓa cin wani abin ruwa ba in ban da kifin Yawuri da na Goronyo, kuma tun yanzu ta fara cewa ita fa ba za ta ci ƙwarin teku ba, ni kuwa ba na son mu ƙare kwanakinmu a ɗakin cin abinci na otal muna biyan kuɗi mai yawa a kan shinkafar da ba ta fi ta gida ba. Duk wanda ya taɓa zuwa, don Allah ya taimaka mana da abin da ya gani da idonsa.

Hajiya Mai Turare, Rijiyar Ɗorowa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Sau biyu na je tsibirin nan, sana'ata kuma saye da sayar da zannuwa da turaren wuta ce, saboda haka bari in ɗauki maganar tsaraba, sauran in bar wa masu ita.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne kasuwa biyu ce a Tsohon Gari, wanda mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe, ko da yake babu katanga a tsakaninsu. Akwai ta baƙi, wato shagunan da suka jeru a titin Kenyatta da lungunan Gizenga da Hurumzi, inda kaya suke a tsare gwanin sha'awa, masu shago suna jin Turanci, farashi kuma an yanka shi daidai da aljihun Bature. Akwai kuma ta 'yan gari, wato Darajani, wadda aka gina tun 1904, tare da layukan da ke bayanta. Ku shiga ta farko domin kallo da sanin abin da ake yayi, amma yawancin kuɗinku ku kashe shi a ta biyu. Jirgin ruwan da zai ɗauko ku daga Darussalam kamar awa biyu yake yi, kuma daga inda zai sauke ku zuwa Darajani tafiyar ƙafa ce, domin mota ba ta ma iya shiga yawancin lungunan garin. Ku canza kuɗinku zuwa sulen Tanzaniya, ku nemi ƙananan takardu saboda canji, ku kuma riƙe jakarku ta yadi, don an hana leda a ƙasar tun 2019.

Tsarabar da ba za ta ba ka kunya ba ita ce kayan ƙamshi, kuma sarkinsu shi ne kanumfari, wanda suke kira karafuu. Tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya mayar da fadarsa tsibirin a 1840 ya kuma ƙarfafa dasa itatuwan, aka san Zanzibar da shi, ko da yake mafi yawansa a yau daga tsibirin Pemba yake fitowa. Ka sayi mai ƙwaya, kada ka sayi gari, domin ba ka san abin da aka niƙa a ciki ba, kuma ƙamshin gari ba ya jimirin zafin Sakkwato. Kanumfari mai kyau yana da ɗan ja-ja, kansa yana nan bai karye ba, idan kuma ka danna shi da farce za ka ga alamar mai. Haka za ka yi da kirfa, wadda suke kira mdalasini, ka karɓi ɓawonta; da masoro, wato pilipili manga; da kuma iliki, wato ƙwayar ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa. A shagunan baƙi za ka ga an jera waɗannan kaya kaɗan-kaɗan a cikin kyawawan kwanduna masu siffar jirgin ruwa, sun yi kyau a ido, amma kuɗin kwandon kake biya. Gara ka sa a auna maka da sikeli, idan kun dawo maiɗakinka ta ƙulla wa kowa nasa. Ni a zuwana na farko wani yaro ya tare ni a hanya da wani jan abu a kwalba wai za'afaran ne, ya ba ni da araha har ina murna, sai da na zo gida na jiƙa shi na ga ruwan ya rine nan take, ba ƙamshi ba ɗanɗano. Ba a noman za'afaran a tsibirin, don haka kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Ga mata kuma sai kanga. Kada ka rikita shi da kitenge, domin kitenge atamfa ce kawai, kuma wanda ya san Kantin Kwari ba shi da dalilin ɗauko atamfa daga gabashin Afirka. Kanga yadin auduga ne marar nauyi, mai ado a gefensa zagaye da wani adon daban a tsakiya, ana sayar da shi falle biyu a haɗe, kowane falle bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Ba zai isa a ɗinka riga da zani ba kamar turmi, amma ya dace da ɗaurin cikin gida, da yafawa, da goyo, musamman a watannin bazara. To, ga inda gizo ke saƙa: kowane kanga yana da rubutu da Swahili a ƙasansa. Wani addu'a ne, wani kalmar ƙauna, wani kuwa habaici ne tsantsa ga maƙiyi ko kishiya ko maƙwabciya mai sa ido, domin matan can da zani suke aika saƙon da ba sa son furtawa da baki. Ka sa mai shago ya fassara maka kowane ɗaya kafin ka biya, ka kuma rubuta fassarar a takarda ka maƙala, kada ka kai wa surukarka zanin da ke cewa masu hassada su mutu da baƙin ciki, ranar da aka sami mai jin Swahili a gidan biki magana ta tashi.

Suna da turaren wuta da suke kira udi, wanda matan gida ke haɗawa da ɓarzajjen icce mai ƙamshi da sukari da ruwan wardi da turaruka. Ya fi namu zaƙin ƙamshi, bai kai na Barno kama tufafi ba a ganina, amma baƙon ƙamshi ne kuma mata za su so shi. Ka ce a ɗora maka kaɗan a garwashi ka ji kafin ka saya. Iyaye maza kuma ka nema musu kofia, hular da ake yi wa ado da ƙananan huji da aka ɗinke bakinsu da zare. Ta hannu ta ninka ta inji tsada sau da yawa, idan ka juya cikinta za ka gane, don ɗinkin hannu ba ya zama daidai wa daida. Yara kuwa abin da ya fi burge nawa shi ne mabuyu, wato 'ya'yan kukar nan tamu da aka dafa da sukari da ɗan yaji aka rina su ja.

Ciniki kuma ba sai an koya wa Bahaushe ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙidayarsu ta gomomi kusan tamu ce, saboda duk daga Larabci muka aro: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini. Dubu kuma elfu suke cewa. Ka fara da sallama, ka tambayi bei gani, wato nawa ne, idan ya faɗa ka ce punguza, wato rage. Da zarar mai kaya ya ji kana kama lissafinsa da harshensa, ya ga hularka da shigar maiɗakinka, farashin Bature ya sauka. Ka dai kiyayi samarin da za su biyo ka suna cewa za su kai ka shago mai araha. 'Yan gari papasi suke kiransu, ma'ana kaska, kuma la'adarsu a kan kayan da ka saya ake ɗora ta.

Malamin Zane, Arkilla

Salamu alaikum, Yaya. Inna Hajiya ta gama da kasuwa, ni kuma zan yi magana a kan gidajen zane, tun da shi nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma na yi mako biyu a can ina yawo daga wannan shago zuwa wancan.

Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi komai a ranar farko. Ka ba da safiya guda kana kallon ƙofofin gidajen Tsohon Gari kawai, domin su ne ma'aunin da za ka auna duk wata sassaƙa da za a nuna maka daga baya, kuma suna cikin abubuwan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya garin a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Iri biyu za ka fi gani. Akwai ta salon Larabawa, mai kusurwa huɗu, wadda aka sassaƙa wa sarƙa da furanni da igiyar ruwa a gefe, sau da yawa kuma da ayar Alƙur'ani ko sunan mai gida a sama. Akwai ta salon Indiyawa, mai baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini, waɗanda ake cewa a Indiya domin hana giwa tura ƙofa aka fara yin su, a nan kuwa suka zama ado da nuna arziki. Idan idonka ya saba da zurfin sassaƙar waɗannan ƙofofi, da ka ɗauki firam ko ƙaramin akwati a shago za ka ji ko wuƙar gwani ce ta bi ta kansa ko kuwa an ɗan kankare saman katakon ne aka shafa mai.

Zanen da zai fi cika maka ido, mai launuka masu ƙyalli da tsuntsaye da raƙuman dawa da damisa, shi ake kira Tingatinga. Ba a tsibirin aka haife shi ba. Wani mutum mai suna Edward Saidi Tingatinga ne ya fara shi a Darussalam a 1968, yana amfani da fentin keke a kan allon katako, ya rasu a 1972, almajiransa suka ci gaba da salon har ya bazu ko'ina a gabashin Afirka. Tun da kusan dukansa dabbobi ne, ba shi kake nema ba, amma yana da kyau ka tsaya ka kalla, don a nan za ka fahimci yadda kasuwar take: hoto guda za ka gani a shago ashirin, hannu daban-daban, sa hannu daban-daban. Ban ce wannan ha'inci ba ne, sana'a ce kamar yadda dukawanmu na Madunka suke maimaita ado ɗaya a kan matashi ɗari, sai dai bai kamata a karɓi kuɗin abin da babu irinsa a kan abin da ake yi goma a wuni ba.

Abin da nake ganin zai dace da falonka abu biyu ne. Na ɗaya, zanen lalle a kan ƙyalle. Akwai mata masu sana'ar yi wa amare lalle da suka mayar da wannan gwaninta kan yadin zane da fenti, kuma suna da gidan baje kolinsu a lungun Hurumzi. Furanni ne da ganyaye da layuka masu nannaɗewa, babu mai rai a ciki, kuma duk macen da ta shigo gidanka za ta gane abin da take kallo tun kafin a yi mata bayani. Na biyu, zanen lungunan garin da ƙofofinsa, ko na jiragen katako masu tafiya da iska a kan teku da yamma. Ka dai duba da kyau, domin masu zane sukan sa mutum ɗaya ko biyu ƙanana a ciki, amma idan kana da kwana biyu a hannu kuma mai zanen yana wurin, zai yi maka wanda babu kowa. Wannan ma ita ce babbar hanyar gane shagon gaske: ka tambaya ko wanda ya zana yana nan. A cikin tsohuwar ganuwar da ake kira Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina wajen shekarar 1700 bayan sun kori Turawan Fotugal, za ka iske masu zane a zaune da burushi a hannu, kana iya tsayawa ka ga yadda aiki ke tafiya ba tare da an matsa maka ka saya ba. Kusa da ita ne Baitul Aja'ib yake, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, amma wani sashensa ya rushe a watan Disamba na 2020, kuma lokacin da na je a killace yake ana gyara, daga waje kawai na kalle shi.

Idan kana son tarihi, ka leƙa Capital Art Studio a titin Kenyatta, gidan ɗaukar hoto da aka buɗe tun 1930. Bangayensa cike suke da tsofaffin hotuna marasa launi na sarakuna da bukukuwa da tashar jiragen ruwa, kuma ana wanko wa mai so. Ko ba ka sayi komai ba, rabin awa a wurin ta fi karanta dogon bayani.

Akwai abin da masu shago ba za su gaya maka ba, don ba su san ƙasarmu ba. Katakon da aka sassaƙa a bakin teku ya sha laima, idan ya zo Sakkwato ya haɗu da hunturu yakan tsage. Ni ƙaramin akwatin da na sayo mai adon tagulla bai ga ƙarshen watan Janairu ba sai da murfinsa ya buɗe baki. Ka zaɓi ƙaramin abu mai kauri, ka riƙa shafa masa mai, ka nisanta shi da taga. Idan an ce maka abu baƙin iccen mpingo ne, ka ɗaga ka ji nauyi, ka goga farin ƙyalle a ƙasansa, domin wasu man goge takalmi suke shafa wa farin katako. Zanen ƙyalle kuma ka sa a cire shi daga firam, a naɗe shi fentin yana waje, a zura a bututun kwali, idan ka dawo kafinta ya yi maka sabon firam.

Alhaji Mai Ritaya, Gawon Nama

Ɗana, ka gaya wa maiɗakinka ta kwantar da hankalinta, babu wanda zai tilasta mata cin abin da ranta bai kwanta da shi ba, kuma za ta iya yin kwana huɗun nan ba ta ci komai ba sai abin da ya yi kama da na gida. Da safe ku fita ku nemi vitumbua. Masa ce, ba ƙari ba ragi, ta shinkafa, a tanda mai gurabe irin tamu ake toya ta, sai dai da madarar kwakwa ake kwaɓa ta a sa mata iliki da sukari, a sha da shayi mai citta da kirfa. Ranar da na fara ganin wata tsohuwa a bakin lungu tana juya ta da tsinke, na daɗe a tsaye, har ta ɗauka yunwa ce ta miƙo mini guda.

Babban abincinsu na rana ne. Akwai pilau, dafa-dukar shinkafa da nama wadda kayan ƙamshi suka mayar ruwan ƙasa, babu tumatir mai yawa irin tamu. Akwai biriani, wadda ake dafa shinkafar daban a zuba mata miya mai kauri, an fi yin ta ranar Juma'a da wajen biki. Akwai kuma shinkafa da madarar kwakwa, wali wa nazi, da ake ci da miyar kifi ko wake ko ganye. Mai son tuwo ya ce ugali, za a kawo masa tuwon masara mai tauri. Ni inda na fi zuwa shi ne Lukmaan, a shiyar Mkunazini, kusa da babban cocin da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Abinci a jere yake a gabanka, ka nuna da yatsa a zuba maka, 'yan gari da baƙi duk a teburi ɗaya. Ku je da an sauko daga Azahar, kafin tukwane su yi ƙasa. Abu guda da za ku rasa shi ne yaji, domin girkinsu ƙamshi ne da shi, ba zafi ba. Ta daka muku yajin ƙuli a ƙaramar roba ku tafi da shi.

Da la'asar kai ka je Jaws Corner, wata 'yar mahaɗar lunguna inda maza ke zama a kan dakali, wanda su ke kira baraza, ana shan baƙar gahawa a ƙananan finjalai da kashata, alawar gyaɗa ko ta kwakwa mai kama da kwakumeti. Majalisa ce irin ta ƙofar gidajenmu, ana hirar siyasa da ƙwallo, kuma idan ka yi sallama za a matsa maka wuri.

Kasuwar dare da kowa ke magana a kanta ita ce ta lambun Forodhani, a bakin teku gaban tsohuwar ganuwa. Ku isa kafin faɗuwar rana ku ga samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, ku yi Magariba a masallaci mafi kusa, ku dawo an kunna fitilu. Ku sha ruwan rake da ake matsewa a gabanku da citta da lemun tsami. Ku ci abin da suke kira pizar Zanzibar, wanda ƙullin fulawa ne da ake murzawa siriri a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a naɗe a soya a faffaɗan kasko. Ku ɗanɗana urojo, wani romo mai tsami launin ɗorawa da ake zuba wa dankali da ƙosai irin nasu da soyayyen rogo, a sa mishkaki a kai, wato tsirensu marar ƙuli. Duk waɗannan a gaban idonka ake haɗa su, su ne kuma za ka ga iyalan 'yan gari suna saye. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne tulin kayan teku da ake jerawa a tsinke tun da yamma, ana ɗumama wa wanda ya nuna. A wata rumfa a bakin ruwa, ba zan ce ga inda take ba, na biye wa ido na ci irin wannan, ban tambayi kuɗi ba sai da na gama, aka caje ni abin da aka ga dama, sannan na kwana ina zarya. Idan kuna son kifi ku ci shi da rana a gidan abinci, ko ku ce a gasa ɗanye kuna kallo, kuma a ko'ina ku ji farashi kafin a ɗora a wuta.

A nan zan ɗan saɓa wa Hajiya, da ta ce a bar wuraren baƙi don kallo kawai. A kaya na yarda, amma a abinci ina ganin dare ɗaya ya cancanci ka buɗe bakin aljihu. Akwai tsofaffin gidajen attajirai da aka mayar masauki, suna da wurin cin abinci a can saman bene, ana zama a kan kilishi da matasai, kana hangen rufin gari da hasumiyoyi da teku, kiran sallar Magariba yana tasowa daga kowane gefe. Sai an kama wuri tun da rana. Ka sani dai irin waɗannan wurare da otal-otal na bakin teku suna sayar da giya, don haka ka tambaya ko ana sa ta a girki, ka kuma nemi ruwan tsamiya, wanda suke kira ukwaju, ko ruwan ɗanyar kwakwa. Idan kuma za ka kama wuri da baki, ka lura da agogonsu: daga fitowar rana suke fara ƙidaya, ƙarfe bakwai namu shi ne ƙarfe ɗaya nasu, don haka wanda ya ce maka saa mbili da dare ƙarfe takwas yake nufi.

Ɗalibi, Ƙofar Atiku

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri. Ƙari kaɗan nake da shi ga maganar Baba Alhaji, saboda kalmar ƙwarin teku da aka ambata. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba kuma ya bukatar yanka, hujjar malamai kuwa tana cikin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. Saboda haka jatan lande da ƙaguwa da halittar nan mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda suke dafawa da madarar kwakwa, babu laifi a cinsu. Halaccin abu dai bai wajabta cinsa ba, idan ran Hajiyar gidanka bai so ba a ƙyale ta. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'iyya, naman kasuwarsu yankan Musulmi ne. Inda ya kamata a yi tambaya shi ne manyan otal masu dafa wa Turawa.

Baban Khadija, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina duka, maganar masa ta kwantar mata da hankali, maganar habaicin kanga kuma ta sa ta dariya har ta fara lissafa waɗanda za ta saya wa da gangan. Malam mai zane, na tsayar da shawara a kan zanen lalle, akwatin katako kuma na haƙura da shi. Hajiya, saura tambaya biyu. Masaukinmu ya aiko mana da tayin kai mu gonar kayan ƙamshi na rabin wuni, shin ya cancanci lokacin, kuma a can ya fi dacewa mu yi sayayyar? Sannan wata abokiyar aikina ta ce in sayo mata zobe mai shuɗin dutsen nan na Tanzaniya, ni kuwa ban san kansa ba.

Hajiya Mai Turare, Rijiyar Ɗorowa

Malam, ku je gonar, tana wajen Kizimbani ko Kidichi, ba ta da nisa da gari. Mu da muka tashi muna ganin kanumfari da masoro a busasshe a faranti, akwai daɗi mutum ya ga kirfa ɓawon itace ce ana ɓare ta a gabansa, masoro kuma yaɗo yake yi yana hawa bishiya, gyaɗar miya tana cikin ɗan itace da jan zare a jikinta. Yawanci ana haɗawa da abincin rana a kan tabarma. Amma kallo za ku je, ba saye ba, domin ƙulle-ƙullen da ake jerawa a ƙarshen zagayen ƙanana ne kuma farashin baƙi ne. Ku sayi ɗaya ko biyu saboda yaran da suka zagaya da ku, ku ba su ɗan hasafi, babban awo ku bar shi sai Darajani.

Dutsen da ake kira tanzanait ba a tsibirin ake haƙo shi ba, daga tsaunukan Mererani yake, kusa da Arusha, can cikin ƙasa, kuma gilashi mai launinsa ya yi yawa a hannun masu talla. Sayen dutse mai daraja da kuɗin wani amana ce mai nauyi. In ba makawa, ka shiga babban shago mai lasisi, a ba ka takardar shaidar dutsen da rasit, ka kira ta ta gani ta waya ta amince kafin ka biya. Kada kuma ku karɓi manyan katantanwar teku ko murjani ko abin da aka yi da ƙoƙon kunkuru ko hauren giwa, ko da kyauta aka ba ku, domin doka ta hana fita da su kuma ana bincike a filin jirgi.

Wajen ɗaure kaya, kanumfari shi kaɗai za ku sa a roba mai murfi, ku naɗe ta da kyau, in ba haka ba duk tufafinku da kangar mutane sai sun koma warinsa, udi ma haka. Halua, alawarsu mai santsi da ake ci da gahawa, ku bar ta sai safiyar da za ku tashi, ku sa ta a tsakiyar akwati don tana tsattsafo da mai. In kuma nauyin kayanku bai cika ba, ka auno mini rabin kilo na iliki, kore ba fari ba, idan kun iso zan aiko yaro Mabera da kuɗin ya karɓa.